Ku Koma Ku Yi Godiya

'Ya'yana, samari da 'yan matan ikkilisiyoyinmu na Takur da sauran unguwannin Dutse, ina so ku kasa kunne a taron addu'arku na gaba. Idan aka ce wa ɗayanku ya buɗe da addu'a, ku lura da lokacin da zai ɗauka a kan godiya. Yawanci numfashi ɗaya ne: an gode domin rai, an gode domin lafiya, an gode da aka tara mu. Daga nan sai murya ta ɗaga, jiki ya ɗau zafi, a shiga roƙo, a nan kuma ake daɗewa. Sakamakon JAMB, gurbin karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, kuɗin makaranta, aiki bayan bautar ƙasa, kuɗin haya, mijin aure, matar aure, tsari a hanyar Kano. Kowane roƙo da sunansa da ranarsa, wani har da adadin kuɗinsa. Godiya kuwa a dunƙule take fitowa, ba suna, ba rana.

Roƙo ba laifi ba ne. Ubangiji Yesu da kansa ya koya wa almajiransa su roƙi abincin yini. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kowa ya san yadda kwanon gero da kuɗin mota suka koma, kuma da yawanku kun yi zaman gida na wata takwas a yajin aikin malaman jami'a na 2022, kuna kallon shekarunku suna tafiya. Wanda zai ce ku rage roƙo bai leƙa kasuwa ba. Abin da ke damuna shi ne, kun ƙware a rabin addu'a, ɗaya rabin kuma kun bar shi a hannun al'ada, baki yana faɗa zuciya tana wani wuri.

A gidajen da aka rene mu, kyauta ba ta ƙarewa ranar da aka karɓe ta. Idan maƙwabci ya ba yaro yadin ɗinki lokacin Kirsimeti ko Salla, yaron zai durƙusa ya ce ya gode, amma magana ba ta mutu a nan ba. Yana shiga gida uwa za ta tambaya, “Wa ya ba ka?” Washegari ta yafa mayafi ta taka har gidan: “Na ga abin arziki, yadin nan mai kyau haka. Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci.” Uban ma in ya haɗu da mutumin a hanya sai ya tsaya ya ce, “Yaro ya nuna mini, an gode.” Ana komawa da ƙafa, ana kiran abin da sunansa, ana faɗa a gaban mai shi. Wanda ya karɓa ya shige ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ko da ya ce na gode sau goma a lokacin karɓa, sunansa butulu. Iyayenmu da ba su yi boko ba sun riƙe wannan ladabi tsakaninsu da mutane. Shi nake so ku riƙe tsakaninku da Allah.

Ku buɗe Luka sura 17, daga aya 11. Yesu yana kan hanyar Urushalima, a kan iyakar Samariya da Galili, sai kutare goma suka tsaya daga nesa suna kiransa ya ji tausayinsu. Daga nesa, domin shari'a ta hana su kusantar masu lafiya. Bai taɓa su ba, bai ce sun warke ba, ya dai tura su wurin firistoci, waɗanda su ne masu ikon duba mutum su ba shi izinin komawa cikin jama'a. Suka kama hanya da cutar a jikinsu, a hanya suka warke. Ɗaya ya juyo, yana yabon Allah da babbar murya, ya faɗi a gaban Yesu yana godiya. Basamariye ne, mutumin da Yahudawa ba sa ko son shan ruwa a ƙwarya ɗaya da shi. Yesu ya tambayi inda sauran taran suke.

An saba zagin taran nan a wa'azi, ni kuwa ina ganin ya kamata a yi musu adalci, domin sai an yi musu adalci za mu gane kanmu a cikinsu. Mutane ne masu addu'a, sun ɗaga murya sun roƙa. Masu bangaskiya ne, sun kama hanya tun ba su ga alama ba. Masu biyayya ne, inda aka aike su nan suka nufa. Kuma suna da uzuri mai ƙarfi: mutumin da ya shekara da shekaru bai rungumi ɗansa ba, bai ci tuwo da 'yan'uwansa ba, ina zai ga lokacin juyawa? Babu inda aka ce an karɓe musu warkarwar. Sun tafi da lafiyarsu. Abin da suka rasa shi ne wanda ya ba su ita. Sun san shi daga nesa a matsayin mai biyan bukata, a haka kuma suka rabu da shi. Na goman ne kaɗai ya matso har ya taɓa ƙasa a gabansa, shi ne kuma ya ji Yesu yana masa magana shi kaɗai, yana yaba bangaskiyarsa. Godiya ce ta kai shi kusa. Roƙo ya tsaya da su goman a nesa.

Wannan labari ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A shekarun 1930 mishan na SIM, wadda ECWA ta fito daga cikinta, ta kama aikin jinyar kutare a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A lokacin Jigawa tana cikin lardin Kano. Akwai gidajen Kirista Hausawa da in aka bi salsalar bangaskiyarsu za a tarar daga gadon jinya ta faro, daga kaka ko kakan kaka da aka ware daga dangi saboda ciwo. Yau maganin kuturta kyauta ake bayarwa, cutar tana warkewa sarai in an kama ta da wuri. Ku da kuka taso ba ku san tsoronta ba, wannan ma abin faɗa wa Allah ne da baki.

To, yaya ake kiran abu da sunansa a gaban Allah? Maimaitawar Shari'a sura 26 ta nuna. An umarci manomin Isra'ila ya zuba nunan fari na gonarsa a kwando ya kai wurin sujada. Amma ba a bar shi ya ajiye ya juya ba. Sai ya tsaya ya ba da tarihi da bakinsa: yadda kakansa ya kasance makiyayi mai yawo, yadda suka gangara Masar su kaɗan, yadda aka bautar da su, yadda suka yi kuka aka ji, yadda aka fito da su aka ba su ƙasar da kwandon nan ya fito. Allah ya san tarihin, ai shi ya yi shi. Manomin ne ke bukatar jin kansa yana faɗa, don kada ya ɗauka ƙarfin damtsensa ne ya cika kwandon. Zabura 136 ma haka take tafiya, cikin ayoyinta 26, tana bin ayyukan Allah ɗaya bayan ɗaya tun daga halitta har zuwa abincin da yake ba kowane mai rai.

Kai ɗana da ke zaune a Takur, ke 'yata, ku ma kuna da abin lissafawa, in kun zauna kun duba. Damina a nan gajeriya ce, wata huɗu ne in ta yi kirki, a cikinsu ake neman abincin shekara. Mai cin albashi yakan manta da wannan, ya ɗauka tuwonsa daga banki yake fitowa. Amma kowane kwanon gero da aka auno a kasuwar Shuwarin, akwai wanda ya yi shuka ya tsaya yana kallon gabas, ruwa ya tsaya masa mako biyu yabanya ta fara naɗewa, sannan hadari ya haɗo. Shinkafar Hadeja, riɗi da zoɓon da ake lodi a Maigatari, dabinon da Dutse ta yi suna da shi, babu wanda hannun mutum kaɗai ya fitar. In ka zauna gaban kwano ka ce an gode domin abinci, ka faɗi gaskiya amma a taƙaice. Ka gwada faɗin ruwan da ya sauka, da manomin da ba ka sani ba, da hannun da ya tuƙa, da lafiyar da ta sa kake jin yunwa har kake marmarin ci. Je ka asibitin Rasheed Shekoni ka ga wanda aka ajiye wa abinci a gefen gado ya kasa kai loma, za ka san jin yunwa ma baiwa ce.

Akwai kuma abin da ke hannunku kowace Lahadi. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, bayan shekaru masu yawa na aikin Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, Hausawa da Turawa. Har yau akwai harsuna da dama a Nijeriya da masu su ba su da cikakken Littafin da harshen uwa, da Hausa suke karantawa. Ku kuwa ga shi a takarda, ga shi a waya. Yaushe rabon da wani a cikinku ya ambaci wannan a addu'a? Haka garin nan. Kafin 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse hedikwatar ƙaramar hukuma ce. Zamanta babban birni ne ya kawo iyayen da yawanku, daga ƙauyukan da ke kewaye, daga kudancin Kaduna, daga Filato, daga Adamawa, daga ƙasar Ibo da ta Yarabawa. Jami'ar da kuke roƙon shiga sai a 2011 aka kafa ta. Yayyenku sai sun bar gari kafin su yi digiri.

Mutum ya fi manta Allah ranar ƙoshi. Sura 8 ta wannan littafi na Maimaitawar Shari'a ta yi kashedi a kan haka: bayan an ci an ƙoshi, an gina gidaje masu kyau, dabbobi sun yaɗu, a lokacin ne zuciya ke kumbura. Na sha ganin matashin da ba ya fashin addu'ar dare lokacin da yake neman aiki, takardar ɗauka tana fitowa aka daina ganinsa, sai ran bikin aurensa.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe, shi ne kuma ya fi wuya. Godiyar mai bi ba ta jiran amsa. Ku duba lokutan da aka rubuta Yesu ya yi godiya. A Yohanna sura 6 yana riƙe da gurasa biyar da kifi biyu na wani yaro, gabansa maza wajen 5,000, almajiransa sun riga sun yi lissafi sun ce ba za ta kai ba. A kan ɗan abin nan ya yi godiya, tun bai yawaita ba. A sura 11 yana tsaye bakin kabarin Li'azaru, gawa ta kwana huɗu, hawayensa bai daɗe da bushewa ba, ya ɗaga ido ya gode wa Uba tun mamacin yana kwance. A daren da aka bashe shi ya ɗauki gurasa da ƙoƙo ya yi godiya, yana sane da abin da gari zai waye da shi. Duk lokacin da muka taru a Jibin Ubangiji, godiyar wannan dare muke maimaitawa.

Manzo Bulus ya bi sawu. A Ayyukan Manzanni sura 27 yana cikin jirgin ruwa a matsayin ɗan sarƙa, su 276, guguwa ta yi kwana 14 tana wasa da su, mutane sun daina cin abinci don fid da rai. Gab da asuba ya ɗauki gurasa ya gode wa Allah a gaban kowa, sojoji da matuƙa da fursunoni, ya gutsura ya ci. Iska ba ta tsaya ba, jirgin ma daga baya ya farfashe a gaɓar Malta, ko da yake ba wanda ya mutu. Amma ganin mutum ɗaya yana godiya ya sa sauran suka sami ƙarfin zuciya suka ci. Wasiƙarsa zuwa ga Filibiyawa, inda ya ce a haɗa roƙo da godiya a maimakon zama cikin damuwa, daga kurkuku ya rubuta ta. Daniyel kuwa, da ya ji Sarki Dariyus ya sa hannu a dokar hana addu'a ta kwana 30, ya hau ɗakinsa ya durƙusa ya yi godiya sau uku a yini kamar yadda ya saba. Sabon nan ne ya riƙe shi. Wanda bai koyi godiya ranar zaman lafiya ba, ba zai ƙirƙiro ta ranar da aka buɗe ramin zakoki ba.

Me ya sa suka iya? Domin abin da suke godiya a kansa ya riga ya faru, babu mai kwance shi. Katekizim na Heidelberg, wanda aka rubuta a Jamus a 1563 don koyar da yara da matasa, ya kasa rayuwar mai bi kashi uku: sanin zunubinsa, sanin yadda aka cece shi, da godiya. Addu'a gaba ɗayanta, har da roƙo, a kashi na uku aka sa ta. Ina ganin masu wannan tsari sun hango daidai. Wanda ya san an gafarta masa a kan gicciye, ya san Uba ya karɓe shi tun bai kawo komai ba, roƙonsa ma daga cikin godiya yake fitowa, kowane ɗa ya san bambancin roƙon uba da roƙon baƙo.

A nan sai na ja muku kunne a kan wata koyarwa da ke yawo a wayoyinku. Za ku ji mai wa'azi yana cewa godiya mabuɗi ce: ka gode a kan motar da ba ka da ita, ka yi rawa a kan bizar da ba ta fito ba, ka turo kuɗi a matsayin iri, lalle Allah zai saki abin. Wannan ciniki ne aka sa wa rigar godiya. Yesu bai gode don ya tilasta wa Uba ba, a gonar Getsamani ma ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ba a ɗauke ba, ya sha. Illar wannan koyarwa takan fito bayan shekara biyu ko uku, in abin bai zo ba. Sai matashi ya ɗauka ko godiyarsa ce ba ta kai ba, ko Allah ne ya ci amanarsa, a kan haka wasu suka bar majami'a. Allah bai ci bashin kowa ba. In ya bayar alheri ne, in ya hana yana nan Uba.

Na san akwai wanda ke karanta wannan da ƙunci a ransa, yana cewa, “Baba, kai ba ka san abin da ya same ni ba.” Ƙasar nan ta sha kuka. Ambaliyar 2022 ta cinye gonaki da gidaje da rayuka a Jigawa, musamman yankunan Ringim da Hadeja. Daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta kama wuta a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, fiye da mutum 150 suka mutu, da yawansu matasa sa'anninku. Manyanku kuma ba su manta watan Satumba na 2006 ba, lokacin da rikici ya tashi a Dutse aka ƙona majami'u da shaguna. Kada wani ya gaya muku cewa mai bi dole ya kira waɗannan abubuwa alheri. Littafi Mai Tsarki bai taɓa kiran mugunta nagarta ba. A cikinsa akwai littafi guda mai suna Makoki. Akwai Zabura 88, wadda ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba a liƙa mata yabo a ƙarshe don ta yi daɗin ji ba, kuma an bar ta a cikin littafin addu'ar mutanen Allah. In kuka ne a bakinka yau, kai shi haka nan, addu'a ce.

Don haka in kun je gaisuwar mutuwa, kada ku yi gaggawar ce wa uwar da ta binne ɗanta ta gode wa Allah. Ku zauna, ku yi shiru, ku ɗebo ruwa, ku share tsakar gida. Godiyar da aka matso daga bakin mai makoki don a kwantar da hankalin masu gaisuwa zalunci ce. Tata za ta zo a lokacinta, sau da yawa kuma ƙarama take farawa: an gode da shekarun da aka yi tare, an gode da wanda ya tsaya a asibiti har asuba, an gode da mutuwa ba ita ce maganar ƙarshe ba tunda Almasihu ya tashi. Irin wannan godiya tana tafiya tare da hawaye, ɗaya ba ta korar ɗaya.

Martin Rinkart fasto ne a garin Eilenburg na Jamus a zamanin Yaƙin Shekara Talatin, wanda aka yi daga 1618 zuwa 1648. Garin ya cika da 'yan gudun hijira, yunwa ta shiga, a 1637 annoba ta biyo baya. Sauran fastocin suka mutu ko suka bar gari, ya rage shi kaɗai. A wannan shekara ya yi jana'izar mutum fiye da 4,000, har da matarsa. Mutumin nan ne, a cikin shekarun yaƙin nan, ya rubuta waƙar godiya da ake rerawa har yau a majami'u cikin harsuna masu yawa. Ba wanda zai ce masa bai san wahala ba.

Akwai kuma godiyar da Allah ba ya karɓa, ita ce ta fi ba ni tsoro domin a cikin majami'a take girma. A Luka sura 18 Bafarisiye ya shiga Haikali ya fara addu'arsa da godiya, amma abin da ya gode a kai shi ne bai zama kamar sauran mutane ba, musamman mai karɓar harajin da ke tsaye can baya. Ya lissafa azuminsa da zakkarsa. Yesu ya ce mai karɓar harajin, wanda bai iya ko ɗaga ido ba sai neman jinƙai, shi ne ya koma gida karɓaɓɓe. Ku auna lokacin ba da shaida a sujadarmu da wannan ma'auni. Wani zai riƙe makirufo minti goma sha biyar, sunan Allah sau biyu, sauran duk labarin wayonsa ne da yadda maƙiyansa suka ji kunya. Wata za ta ɗora hoton sabuwar waya a WhatsApp ta rubuta godiya ga Allah a ƙasa, alhali ita ta san wadda take so ta gani ta ji haushi. Kafin ka miƙe ba da shaida, ka tuna a bencin baya akwai wanda ya rubuta jarrabawar nan tare da kai bai ci ba, akwai matar da ta shekara goma tana jiran haihuwa. Ka faɗa yadda za su fita da sa zuciya. In za su fita da jin Allah ya tsallake su ne, gara ka yi godiyarka a ɗaki.

Haka bikin godiyar kaka. Yana cikin ranakun da na fi so a shekara: damin gero da dawa a gaban bagade, buhun gyaɗa, kabewa, kaji, akuya tana kuka a bakin ƙofa, Zumuntar Mata suna shigowa da waƙa. Amma idan aka mai da shi wurin kiran suna da adadi, wane ya ba da kaza, a tafa masa, sai gwauruwar da ta zo da kwanon wake ɗaya ta ɓoye shi a mayafi. Ku da za ku zama dattawan ikkilisiya gobe, ku gyara wannan. Yesu ya zauna yana kallon masu zuba baiko a Haikali, wadda ya yaba ita ce mai 'yan kuɗi biyu. Kuma kada ku yarda godiyarku ta zama ta raina maƙwabtanku Musulmi, wai an gode da ba a yi mu kamar su ba. Wannan addu'ar Bafarisiyen ce sak. Su da ba sa raba bakinsu da hamdala a kan ƙaramin abu da babba, sau da yawa sun fi mu kiyaye wannan ladabi.

Allah kuma ba kasafai yake jefo alheri daga sama ba, ta hannun mutane yake aikowa. Bulus yakan buɗe yawancin wasiƙunsa da gode wa Allah saboda mutanen da yake rubuta wa, a sura ta ƙarshe ta Romawa kuma ya jera sunaye fiye da ashirin, maza da mata, yana faɗin abin da wasunsu suka yi, har da Bilkisu da Akila da suka sa wuyansu a haɗari dominsa. Bai ga wani saɓani tsakanin gode wa Allah da gode wa mutum ba. Kai ma in ka durƙusa, kira su da suna: mahaifiyarka da ta sayar da tunkiyarta aka biya kuɗin rajista, malamin makarantar Lahadi da ya koya maka karatu, mai shagon unguwa, Alhaji ne ko Ibo, da ya ba gidanku bashi har ƙarshen wata bai tozarta ku ba, ma'aikaciyar jinyar da ta nemo jijiya a hannun ƙanwarka da tsakar dare. In ka tashi daga durƙuson, taka ka je ka faɗa musu. Saƙon waya ya fi shiru, amma ga wanda ya girme ka, ƙafa ta fi. Na san iyaye mata da yawa da 'ya'yansu suka tsaya gaban ikkilisiya suka gode wa Allah a kan digiri, su kuwa ba a taɓa zama gabansu an ce, “Mama, na gode” ba.

Abin yi ba shi da yawa. Da dare kafin ka kwanta, ajiye wayar, bi yinin tun daga asuba, ka tsamo abin da aka yi maka wanda ba kai ka yi wa kanka ba, ka faɗe shi da baki yadda kunnenka zai ji. Ranar da ka duba ba ka ga komai ba, koma kan abin da ba ya canzawa, gafara da tashin Almasihu, ka tsaya a nan. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta roƙonka da kwanan wata, ka bar fili a gefe. Bayan wata shida ka buɗe. Za ka tarar da abubuwan da ka yi azumi a kansu, aka ba ka, ka manta ka taɓa roƙa, za ka kuma tarar da waɗanda aka hana ka, yanzu kana murna da hanin. A gida, in an ce ka sa albarka a abinci, kada ka karanto haddar da ƙannenka suka riga suka san ƙarshenta, ambaci abu ɗaya na yau. Ranar da shugaban matasa ya nuna ki ya ce ki buɗe taro da addu'a, 'yata, kafin ki rufe ido ki tambayi waɗanda ke zaune abin da Allah ya yi musu a makon, ki ɗauki amsoshinsu da sunayensu ki kai gabansa ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga roƙo.